Na Zare Wa Malamina Takobi

Niigata, Japan
Nuwamba 2023

Zuwa ga Kawu Malam Bubayero, Yalwawa, Dutse.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, tarin nan kuma ya sake ka. Ni lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa. Kamar kullum na turo wannan ta wayar maƙwabcinka Boaz don ya buga maka a takarda. Idan ka sami mota zuwa Buji, don Allah ka karanta wa Inna, tunda har yanzu waya ba ta kamawa a rugarmu.

Inna, ina gaishe ki. Karatu yana tafiya. An girbe shinkafar gonar gwaji, kuma irin da aka ba ni in kula da shi bai ba ni kunya ba. Ina cin abinci, ina salla a kan lokaci. Kawu ya rubuto cewa cikinki yana damunki. Ki daure a kai ki asibitin Jahun a duba, ki bar jiƙe-jiƙen nan.

Akwai abin da nake so ki ji daga gare ni. Ranar Asabar da ta wuce na zare wa malamina takobi a gaban jama'a. Na daɗe ina shirin wannan rana, ban gaya wa kowa ba. Hannuna bai yi rawa ba ko kaɗan. Shi kuwa dattijon kansa kawai ya sunkuyar. Waɗanda ke wurin sun ce ba su zaci baƙo zai iya ba. Sauran bayani sai na zauna, yanzu sauri nake.

A gaida mutanen gida baki ɗaya.

Ɗanku,
Nasrullahi

Yalwawa, Dutse
Nuwamba 2023

Nasrullahi,

Wa alaikumus salam. Tari yana nan, ni ma ina nan. Uwarka tana nan da cikinta. Lafiyar kowa ke nan, tunda ka tambaya.

Takardarka ta iso, na kuma karanta ta a tsaye a ƙofar gidan Boaz, har ya tambaye ni ko rasuwa aka yi. Na ce masa a'a, abin bai kai rasuwa sauƙi ba.

Bari in tuna maka ko ni wane ne a wurinka. Kakarka ta wajen uwa da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne. A wasu gidajen irin wannan zumunci ya daɗe da mutuwa. Ni ban bar shi ya mutu ba. Ni na ɗauko ka daga bayan shanu na kai ka makaranta, ni na gyara maka Turancin takardar da ta kai ka inda kake. An tura ka ka koyo yadda shinkafa za ta yi albarka a fadamarmu. Da ka rubuto bara cewa ka shiga wata kokawa da yamma, na yi shiru, na ce jini ne na ƙuruciya. Ashe takobi ake wasawa.

Kuma da alfahari ka rubuta. Hannunka bai yi rawa ba. Madalla da hannu. Dattijo ya sunkuyar da kai a gaban jama'a, kai kuma kana jin daɗi mutane sun yaba. Na san wannan sunkuyar da kai, domin na yi ta. Na yi digiri a Zariya lokacin da masu digiri a ƙasar nan ake nuna su da yatsa, na ƙaro karatu a Ingila, na dawo na koyar har allo ya cinye mini huhu. Yaron da na koya wa riƙe alƙalami shi ya zama darakta a kaina. Ya bar ni a benci a ƙofar ofishinsa tun safe har azahar, sannan ya aiko masinja ya ce, Baba a dawo gobe. Shi ko takobi bai zare ba. Kai ka fi shi, ka kawo ƙarfe.

Na je Buji ranar kasuwa. Na sami uwarka Zulaihatu a kan tabarma, ta kira matan gida su ji labarin ɗanta. Na karanta zancen shinkafa, suka yi murna. Da na zo wurin takobi na so in tsallake, amma ban taɓa tsallake mata layi ba tun da nake karanta mata takarda. Ta ce, "Yaya Malam, maimaita." Na maimaita. Matan suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowace ta tuna ta bar tukunya a wuta.

Ga abin da ta ce, na rubuta shi yadda ya fito. "Ban tsine masa ba, Allah ya kiyaye bakina. Amma albarkata na riƙe ta. Ba zan sa masa ba, ba zan ji muryarsa ba, sai ya je ya durƙusa a gaban mutumin nan ya nemi gafara."

To ka ji. Ban ƙara gishiri ba, ba a bukata. Ka gaya mini ko an kore ka daga makarantar, ko 'yan sanda sun shiga maganar, don in san irin ƙaryar da zan shirya wa mutanen masallaci.

Kawunka,
Bubayero

Yalwawa, Dutse
Disamba 2023

Nasrullahi,

Gaisuwa. Ni lafiya, uwarka ba lafiya.

Shiru dai. Kafin Boaz ya tafi garinsu hutun Kirsimeti na sa ya duba wayarsa, babu komai daga gare ka. Wannan na kai ta shagon kwamfuta na bakin kasuwa, yaron shagon yana karanta sirrin gidanmu yana taunar gyaɗa. Abin da ka jawo mini ke nan. Na ga wata lamba mai tsawo tana ta kiran ƙaramar wayata. Idan kai ne, ka daina. Wanda ya yi abin kunya a rubuce, a rubuce zai ba da amsa.

An kwantar da Zulaihatu a Jahun. Likita ya ce akwai ƙari a cikin, sai an yi aiki, amma jininta ya yi ƙasa, sai ya hau tukuna. Ba ta cin abinci sosai. Can waya tana kamawa, na ce mata ga dama, a kira ka. Ta juya fuskarta bango.

Ban san yadda ake yi a Japan ba. A nan, mutum ba ya so a shiga da uwarsa ɗakin tiyata tana riƙe da abu a kansa. Kowa ya san ba duk wanda ya shiga ne yake fitowa ba. Idan girman kai ya hana ka durƙusa wa malaminka, ka faɗa, in daina ɓata tawada.

Bubayero

Niigata
Janairu 2024

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina roƙon Allah ya ba Inna lafiya. Tun da na ji tana asibiti ban iya cin abincin kirki ba.

Kawu, ban yi shiru ba. Na rubuta amsa doguwa, tana nan a wayar Boaz, ashe ya riga ya tafi, garinsu kuma ba sabis. Lambar nan mai tsawo tawa ce. Yanzu ta shagon nake turowa.

Ban ɗaga wa kowa makami ba. Mutumin da nake nufi ba malamin jami'a ba ne, Malam Tanabe ne, mai koya mana kokawar da na gaya maka. Kokawa ce ta hannu zalla, ba naushi, ba shuri. Mutum ya kawo maka cafka, ka kama wuyan hannunsa ka juya shi da ƙarfinsa har ya sami kansa a ƙasa. Malam Tanabe yana cewa duk wani motsin hannu a kokawar daga takobi aka samo shi, wanda bai san yadda takobi ke fita daga kube ba ba zai gane dalilin juya kafaɗa haka ba. Don haka makarantar tana da reshe na biyu, na zare takobi, suna kiransa iyai. Sai wanda ya daɗe a kokawar ake bari ya shiga.

Ga yadda ake yi. Mutum ya zauna a kan gwiwoyinsa, takobi a ɗamara ta hagu. Ya zare ya sara a motsi ɗaya, ya tashi ya sake sara daga sama, ya kaɗe, ya mayar kube ba tare da ya duba ba. Babu abokin gaba, iska ake sara. Takobin ɗalibai ma ba shi da kaifi, ko tumatir ba ya yankawa. Idan ɗalibi ya kai wani matsayi, sai ya yi wannan a gaban malaminsa da sauran ɗalibai. Jarrabawa ce. Na zare masa ne kamar yadda yaro ke biya wa malam allonsa. Sunkuyar da kan da ya yi kuwa, shi ne alamar na ci.

Murna ce ta sa na rubuta a gaggauce. Na so Inna ta yi alfahari da ni.

Ina roƙonka don girman Allah, ka je Jahun kafin a yi aikin, ka gaya mata ba a fahimci maganar daidai ba. Daga bakinka ta ji, daga bakinka kaɗai za ta yarda.

Ɗanka,
Nasrullahi

Yalwawa, Dutse
Janairu 2024

Nasrullahi,

Wa alaikumus salam. Jinin uwarka ya ɗan hau. Sun sa aikin mako mai zuwa.

"Ba a fahimci maganar daidai ba." Ka iya ladabi. Wa ye bai fahimta ba? Faɗi sunansa. Ni da na yi shekaru ina gyara wa malamai jarrabawar Hausa, yau ɗan Zulaihatu zai koya mini ma'anar zare wa mutum takobi. Fita titin Dutse ka tare duk wanda ka ga dama, mai shayi ko alƙali, ka ce masa wane ya zare wa wane takobi, ka ga ko zai tambaye ka maki nawa ya ci. A Hausar da na sani, wanda aka zare wa takobi gudu yake yi, ko ya yi salati. Da ka rubuta "a gaban malamina", me zai ragu a jikinka? Kalma biyu ka yi wa rowa, ka jefa uwarka a wannan hali, sannan ka ce wani ne bai fahimta ba.

Bayanin naka ma bai wanke ka a wurina ba. An kai ka ƙasar da ke ƙera injin da ke shuka shinkafa shi kaɗai, ka je ka zauna a kan gwiwa kana saran iska da takobin da ba ya yanka tumatir. Kakanka da sanda ɗaya ya tsare garke daga nan har Binuwai, bai taɓa neman a ba shi maki ba. Amma na bar wannan. Ƙasar da ta watsar da irina ba ta da bakin tambayar irinka abin da ya koyo.

Yanzu ka saurara. Duk abin da Zulaihatu ta sani daga takarda a duniya, daga bakina ta san shi. Ni na karanta mata rasuwar ubanka da aka rubuto daga kudu. Ni na karanta mata sakamakonka tun daga firamare. In je yau, tana kwance da ƙarin ruwa a hannu, in ce mata abin da na karanta ba shi ba ne? Sai ta ce to wanne ne kuma ba shi ba? Ko ta ce lallashinta muke yi don za a yanka ta. Ba zan yi ba.

Hanya gajera ita ce wadda ta shimfiɗa da kanta. Ta ce ka durƙusa ka nemi gafara. Ai ka ce zaman gwiwa kuke yi kullum, ba zai yi maka wuya ba. Je ka durƙusa wa Tanabe ɗin, ka ce ya yafe maka, ko da laifi ko babu. Babu ɗalibin da ba shi da abin neman gafara a wurin malaminsa. A ɗauki hoto ka turo, in kai mata ta gani da idonta. Ka yi sauri.

Bubayero

Niigata
Janairu 2024

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ya jikin Inna?

Na yi abin da ka ce. Bayanin ya yi mini wuya, domin Japanancina bai kai nan ba, sai da wani ɗalibi ya taimaka. Na durƙusa irin durƙuson gida, ban kai goshina ƙasa ba, wannan na Allah ne kaɗai. Na ce ya yafe mini. Ya tambayi laifin. Na ce babu, amma mahaifiyata tana asibiti, tana zaton na wulaƙanta shi.

Sai ya zo gabana ya zauna a kan gwiwoyinsa, ya ce idan abin da ya koya mini ya sa uwa baƙin ciki a gadon asibiti, to shi ne mai neman gafara. Ya dafa ƙasa ya sunkuya har kansa ya kusa taɓa dabe. A daidai nan ɗalibin ya ɗauki hoton. Na roƙi a sake wani, Malam Tanabe ya ce ba a neman gafara sau biyu don hoto.

Shi ke nan abin da nake da shi. Kawu, don Allah ka yi mata bayani kafin ka nuna mata.

Ɗanka,
Nasrullahi

Yalwawa, Dutse
Fabrairu 2024

Nasrullahi,

Wa alaikumus salam. An yi aikin. Uwarka tana da rai, ta fara shan kunu. Na sa wannan a farko don kada ka yi ta tsallake layi kana nema.

Hotonka kuwa, Allah ya isa tsakanina da wanda ya ɗauke shi. Na kai mata ana gobe aiki, da hantsi, lokacin da ake barin 'yan dubiya. Ban sami damar yin bayani ba, ta fizge takardar. Me ta gani? Ɗanta a zaune ƙyam, kai a sama, tsoho mai furfura kuma kife a gabansa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Yaya Malam, har tsoron nasa ya kai haka? Yanzu dattijon ne ke ba shi haƙuri?" Ta ajiye hoton a kife, ta juya bango. Na yi magana, na kawo zancen jarrabawa, na kawo zancen tumatir. Ta ce, "Ka bar wahalar da kanka. Na san kana sonsa."

Ɗakin mata ne, cike da masu jinya, kowace da kwanonta da tabarmarta. Na tsaya ina duban bayanta. Gobe war haka za a tura ta a gadon nan mai taya.

Abin da na yi, ban taɓa zaton zan yi shi ba ko a gaban madubi. Na ce, "Zulai, juyo." Ta juyo. Na sauka a kan gwiwoyina a kan simintin asibiti, da babbar rigata da komai. Na riƙe sandata a kwiɓin hagu kamar yadda ka kwatanta, na ja ta da dama na sari iska. Na kusa kifar da ƙarfen ƙarin ruwan wata baiwar Allah. Na ce, "Ga shi na zare miki sanda. Na cuce ki?"

Ta ce, "A'a."

Na ce, "Na raina ki?"

Ta ce, "Kai dai ka raina kanka."

Na ce, "To abin da ɗanki ya yi ke nan. Nuna wa malaminsa ya yi ya iya. Tsohon kuma al'adarsu ce, ke yake ba haƙuri, ba ɗanki ba."

Ta dube ni, ta dubi sandar. Ta ce, "Me ya hana ka faɗa haka tun a Buji?"

Na ce haka ka rubuta.

Ta ce, "Haka ya rubuta, ko haka ka karanta?"

A daidai lokacin ne na gano ba zan iya tashi ba. Sai da mata biyu suka kama ni ta hammata, ɗaya tana cewa sannu Baba, ɗaya tana danne dariya da mayafi. Uwarka ma ta yi dariya, tana riƙe da ciki tana cewa wayyo. Mutumin da ya yi karatu a Ingila ke nan.

Da ta lafa, ta ɗauki hoton ta sake dubawa, ta ce, "Allah ya yi masa albarka, shi da tsohon nasa. Allah ya sa ya fi haka." Ta faɗa a gaban shaidu fiye da yadda ake bukata. Ka samu abin da kake nema. Idan ka kira wayar mai jinyarta yanzu, za ta karɓa.

Har gobe ina nan a kan bakana, jimlarka gurguwa ce, kuma duk malamin Hausa na kirki zai ja mata jan layi. Saran iska kuma bai zama sana'a ba don na yi shi sau ɗaya.

Saura magana ɗaya. Jiya da na koma dubiya, ta ce in gaya maka daga yau ka riƙa turo takardunka wurin Mashkura, mai koyarwa a firamaren Buji. Ta ce ba don komai ba, don a rage mini wahalar mota ne, na tsufa. Ta faɗa da taushi, har da godiya. Na haɗa maka lambar Mashkura da wannan takarda.

Boaz ya dawo. Ya kawo mini doguwar amsarka ta farko, ya tambaya ko ya ci gaba da duba wayarsa saboda ni. Na ce masa ya bari.

Kawunka,
Bubayero